Zagayen Duwatsun Shere da Keke: Me Mutumin Kano Zai Tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Gwammaja ne. Duk ranar Asabar ina yin kilomita 40 a kan keke a kwalta, ko gajiya ba na ji. Yanzu ni da abokaina mun shirya zuwa Jos mu zagaya duwatsun Shere ta hanyar daji, kusan kilomita 40 ɗin dai, mu dawo inda muka tashi. Keken da nake hawa a gari zai iya? Me zan tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan niyya, amma kafin maganar keke, bari mu gyara lissafin. Kilomita 40 na Kano daban, na kan dutse daban. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, tsayinsa daga teku bai kai mita 500 ba. Jos tana wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. A kwalta kana iya cin kilomita 20 a awa ɗaya, awa biyu ka gama. A turbar duwatsu, inda za ka hau, ka gangara, wani wurin ma ka sauka ka tura ko ka saɓa keken a kafaɗa, in ka samu kilomita 8 a awa ka yi ƙoƙari. Ka ga awa biyar ke nan, ban da hutu da sallah da faci. Don haka abin da za ku tambayi wanda ya san hanyar shi ne yawan hawan da ke cikinta da awannin da take ci.

Hanya mai zagaye kuma tana da wani tarko. Tsakiyarta ne wuri mafi nisa daga mota da asibiti, kuma a nan ne gajiya ta fi kama mutum. Wanda ya wuce rabi sai ya ce gaba ta fi baya kusa, alhali bai san abin da ke gaban ba. Shi ya sa nake nanata wa kowa: tun kafin ku ɗora ƙafa a feda ku yanke lokacin juyawa. Idan azahar ta yi ba ku kai rabi ba, ku koma ta inda kuka fito, ba musu. A watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida, kuma da ta faɗi sanyin Jos yake saukowa, ga jiki jiƙe da gumi. Ku tashi da an idar da sallar asuba.

Keken gari mai siririyar taya ba zai yi ba. Nemi mai faffaɗar taya mai ƙusoshin roba, mai giya da yawa, mai shoka a gaba, da birki mai faifai idan da hali. Kada ka cika tayar da iska tam kamar yadda muke yi a gari; in ta ɗan yi laushi ta fi kama dutse. Wajen gangara ka tashi daga sirdi, ka ja jikinka baya, ka riƙa matsa birki biyu a hankali. Na gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma mai wurgar da mutum ta saman kan keke idan aka damƙe shi farat ɗaya. Hular kwano dole ce.

A jaka: tib biyu, famfo, faci da solishan, sifana, abin haɗa sarƙa idan ta tsinke, tocila, rigar sanyi da bandeji. Tsidau da ƙaya ba sa raga wa taya, to ka koyi faci da hannunka wurin mai gyaran keken unguwarku tun yanzu. Ruwa aƙalla lita uku kowane mutum, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis, saboda iskar hunturu tana busar da gumi mutum bai san yana ƙafewa ba. Dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri, a riƙa ci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta zo ba.

Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina duwatsun santsi suke yi, rafuka su cika, ga tsawa.

Batun tsaro kada ku ɗauke shi da wasa. Ku nemi ɗan yankin ya yi muku jagora, ku gaida mai unguwa ku faɗa masa inda kuka dosa, kada ku ratsa gonar kowa ko garken shanu. Sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu, saboda haka ku sauke taswirar a waya tun daga gari, ku bar wa wani a gida lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku.

Shawarata ku ɗaga tafiyar da wata biyu. Dala da Goron Dutse sun yi kaɗan wajen horon keke, amma wajajen Rano da Tiga akwai duwatsu da hanyoyin burji. Ku fara da zagayen kilomita 15 a can, da jakar a bayanku, ku riƙa ƙarawa duk mako. Ranar da kuka yi awa huɗu a irin wannan hanya kuka sauka da sauran ƙarfi, to ku sa ranar Jos. Allah ya kai ku lafiya.