Amsa ga mai tambaya kan saka wa 'yarta wayar gyaran haƙori

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki cewa 'yarki mai shekara 8 ta yi famfara, sababbin haƙoran gaba sun fito da wushirya babba, ɗaya ya ɗan karkace, kuma wani ya ce zai saka mata waya da rahusa. Ni ba likita ba ce, uwa ce da ta yi jigilar ɗanta asibitin haƙori tun daga ranar saka waya har zuwa cire ta.

Shawarata ita ce a kai ta a duba, amma kada a yi gaggawar saka komai. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙori ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro yana shekara 7, domin a ga yadda muƙamuƙinsa yake girma da kuma ko haƙoran da ke tafe za su sami wuri. Wushiryar da kike gani a wannan shekarun sau da yawa takan rufe da kanta idan fiƙoƙin sama suka fito, wajen shekara 11 zuwa 12, shi ya sa yawancin yara ba a saka musu wayar sai haƙoran dindindin sun kusa kammala fitowa. Mu nan ma wushirya ado ce. Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne tsotson yatsa da bai tsaya ba, ko haƙoran ƙasa su rufe na sama, ko turmin yarinta ya ruɓe a cire shi da wuri, domin maƙwabtansa sukan matso su cinye gurbin, sai na dindindin ya fito a zaƙo.

Mai rahusar nan kuwa, ki rabu da shi. Wayar tana aiki ne ta hanyar matsa haƙori a hankali har ƙashin da ke riƙe da shi ya sauya, saboda haka wanda bai ɗauki hoton ƙashi ba, bai auna bakin ba, zai iya sa saiwa ta lalace haƙori ya fara girgiɗa. Ki fara da sashen haƙori na babban asibiti, kamar Barau Dikko a cikin garin Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya, ki nemi a tura ki wurin ƙwararren wannan fanni.

Idan lokacin ya yi, ki sani aikin gida ya fi na asibiti yawa. Akan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, ana komawa duk bayan mako 4 zuwa 8 a ƙara ɗaurewa, kuma kwanakin farko bayan kowace ɗaurewa ɗana ba ya iya tauna komai sai kunu da fate. Rake, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, kilishi da cingam duk sai an haƙura da su, domin cizo ɗaya yana iya ɓalle ƙarfen da aka manna wa haƙori, kuma kowace ɓallewa ƙarin kuɗi ce da ƙarin lokaci.

Tsafta ita ce inda yara suke gazawa. Za ki ga zaren nama ko ganyen miya ya maƙale tsakanin waya da dasashi, yaro ya goge sama-sama ya ce ya gama. Idan aka bar haka, dasashi yakan kumbura ya riƙa jini, kuma ranar cire waya sai a tarar da fararen tabo kewaye da inda ƙarfen ya zauna, waɗanda mafarin ruɓewa ne. Dole a goge da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa) sau biyu a rana, minti biyu, a kurkure baki bayan kowane abinci, a sayi ɗan siririn buroshin da ke shiga ƙarƙashin waya. Asuwaki yana da amfani, amma a yi shi a hankali nesa da ƙarfen.

Bayan cire wayar akan ba da wani abin roba ko siririyar waya da ke riƙe haƙoran a sabon mazauninsu, wanda likitoci suke kira ritena. Wanda ya yi sakaci da shi haƙoransa sukan fara komawa yadda suke, don haka tun ranar farko ki tambayi likita ko kuɗinsa yana cikin lissafin da aka ba ki.