Wasannin binciken laifi na tsohon rediyon Amurka: mene ne daɗinsu?

Tambaya: Malam, na ci karo da tsofaffin wasannin kwaikwayo na rediyon Amurka a intanet, na masu binciken kisa da sata. Ba hoto, sautin ma ya tsufa, amma mutane sai yabonsu suke. Mene ne abin sha'awa a ciki?

Amsa: Rashin hoton nan da ka raina shi ne jarinsu. A fim, in mai laifi ya yar da makulli, kyamara ce ke zaɓar ko ta nuna maka. A rediyo kuwa dole a faɗa da baki ko ka ji ƙarar faɗuwarsa, don haka abin da ya shiga kunnen mai binciken ya shiga naka. Sai ka ga kana rige-rige da shi wajen gano maƙaryaci kafin rabin awa ta cika.

Kasuwarsu ta ci daga shekarun 1930 har zuwa lokacin da talabijin ya ƙwace masu sauraro. Ɗan wasa Orson Welles ya yi muryar jarumin wasan The Shadow a 1937, Basil Rathbone kuma ya fara muryar mai bincike Sherlock Holmes a 1939. A 1949 Jack Webb ya kawo Dragnet, wanda ke ɗauko labarai daga fayilolin 'yan sandan Los Angeles.

Wanda ya fi burge ni shi ne Yours Truly, Johnny Dollar na gidan rediyon CBS. Jarumin mai bincike ne da kamfanonin inshora ke ɗauka, kuma labarin gaba ɗaya lissafin kuɗin da ya kashe ne yake karanta wa kamfani don a biya shi. Abu na ɗaya kuɗin jirgi, na biyu kuɗin tasi zuwa gidan mamaci, na uku ɗan abin da aka danƙa wa mai gadi ya buɗe baki. Da wannan dabarar ka san inda yake da wanda ya gani, ba tare da an tsaya yi maka bayani ba. Ranar 30 ga Satumba 1962 aka watsa kashinsa na ƙarshe, ranar da da yawa ke ɗauka a matsayin ƙarshen wannan zamani.

Sauran aikin na masu haɗa sauti ne: ƙofa 'yar ƙarama da ake bugawa kusa da makirufo, takalma a kan allon katako, ɓawon kwakwa a madadin kofaton doki.

Ba duka ne masu kyau ba fa. Wasu labari ɗaya ake maimaitawa, sunaye kawai ake sauyawa, kuma ana tsakiyar tashin hankali sai a katse da tallar man gashi. In Turancinka bai yi ƙarfi ba, fara da Dragnet, maganarsu gajejjeru ce. Daga nan ka nemi Johnny Dollar na 1955 zuwa 1956, lokacin da Bob Bailey ke muryar jarumin, da ake raba labari ɗaya kashi biyar, minti 15 kullum daga Litinin zuwa Juma'a.