Zuwa ga Kawu, kan taswirar da kuka gani a bangon falona

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali, na saurari saƙon muryar da kuka aiko har sau biyu. Kun ce kun ga hoton taswirar da ke manne a falona, an shafe wasu wurare da jan biro, kuma Hajiya ta shaida muku wai burina in taka kowace gunduma ta jihar da nake zaune. Kuka tambaya: ba fatauci ba, ba neman ilimi ba, ba ziyarar dangi ba, to yawon na mene ne? Tambayar ta dace, kuma zan amsa ta tsakani da Allah.

Jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, inda nake zaune, tana da gundumomi 88. Kawunti ake ce musu a nan, kuma su ne mafi kusa da abin da muke kira ƙananan hukumomi, sai dai nasu suna da ƙarfi sosai. Kowace tana da babban ginin kotu a hedikwatarta, a nan ake ajiye takardun filaye, a nan ake karɓar takardar aure, kuma shugaban 'yan sandan gunduma, wanda ake kira sharif, jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Kun ga adadin ya ninka 44 ɗinmu na Kano daidai wa daida, amma faɗin ƙasar ya ninka Kano fiye da sau biyar. Zagaya gundumomi tsohuwar sha'awa ce a wurin mutanen ƙasar nan. Akwai Sanata Chuck Grassley na jihar Ayowa, wanda ya shahara da ziyartar gundumomi 99 na jiharsa duk shekara. Mutanen Tekzas kuwa 254 ke gabansu.

Ni ba daga wurinsu na ɗauko ba, daga bakin 'yata ne. Tana aji huɗu aka ba su aikin makaranta kan tarihin jihar, ta zo ta tambaye ni ko na taɓa ganin Kogin Ohayo. Wallahi Kawu, ban taɓa ba. A lokacin na shekara goma sha ɗaya a Kolumbus, babban birnin jihar, amma abin da na sani bai wuce hanyar wurin aiki, da masallaci, da shagunan Somaliyawa inda muke sayen naman halal, da filin jirgi ba. Haka yawancinmu muke a nan. Mutum ya yi shekara ashirin jakarsa tana ɗaure, kullum gobe zai koma gida, alhali 'ya'yansa a nan aka yanke musu cibiya. Abin ya tsaya mini a rai. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba haka suka zauna ba. Duk zangon da suka sauka sai sun san sarkin garin, da ranar kasuwarsa, da rijiyar da ake sha.

To ga yadda muke yi. Gida uku ne muke tafiya tare, mu da wani ɗan Zariya da wani ɗan Maraɗi, galibi ranar Asabar, daga watan Yuni zuwa Agusta lokacin da yara ke dogon hutu. Muna da ɗan asusu kamar adashi da muke zuba kuɗin mai. Tun daren Juma'a mata sun gama dambun nama da soyayyun kaji, an cika kula da zoɓo da kunun aya, domin da zarar ka bar manyan birane samun abincin halal sai an dace. Kuma mun kafa wa kanmu sharaɗi: wucewa ta babban titi ba ta shiga lissafi. Sai an sauka, an tsaya gaban kotun gundumar, an gaisa da wani ɗan garin, sannan yaro ɗaya ya ɗauki jan biro idan mun dawo. Kolumbus tana tsakiyar jihar, don haka ko kusurwa mafi nisa kusan awa uku ce a mota. Idan tafiyar ta kai ta kasaru mukan yi kasaru. Sau da yawa a kan ciyawar wurin hutawar matafiya muke shimfiɗa darduma, manyan motoci na wucewa ta bayanmu.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai fargaba, musamman da farko. Akwai ƙananan garuruwan da za ka shiga ba ka ga baƙar fata ko ɗaya ba, ga matanmu da hijabi. An taɓa binmu da ido a wani gidan mai har na ce wa yara su koma mota. Amma wanda ya fi yawa shi ne tsohuwar da za ta matso ta tambayi daga ina muke, ta ƙare da nuna mana inda za mu ajiye mota a inuwa. A gundumar Holmes, inda mutanen Amish, wasu Kiristoci masu riƙo da rayuwar gargajiya, suka yi yawa, mun ga keken doki a kan kwalta, mata sun rufe kai, riguna har ƙasa, maza da gemu suna aikin gona da dawakai. Matata ta daɗe tana kallonsu, ta ce rabon da ta ji hijabinta bai zama abin kallo ba tun da ta bar Fagge.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne garin Ripley a gundumar Brown, a bakin kogin nan da 'yata ta tambaye ni. Tsallaken ruwan jihar Kentaki ce, inda ake bautar da baƙar fata kafin yaƙin basasarsu, wannan gefen kuma babu bauta. A kan tudun da ke saman garin akwai ɗan gidan jan bulo na wani limamin coci mai suna John Rankin, wanda yakan bar fitila a kunne da dare don bayin da suka gudo su san inda za su nufa. Wasu da kwale-kwale suke ƙetarowa, wasu a kan ƙanƙara idan kogin ya daskare. Mun hau matakalar tudun, na tsaya ina haki ina kallon faɗin ruwan. Ɗana ya tambaye ni ko a cikin mutanen nan akwai waɗanda kakanninsu suka fito daga wajajenmu. Na ce masa daga Afirka ta Yamma aka kwaso da yawansu, kuma a cikinsu akwai Musulmi. Bai sake magana ba har muka sauko.

Akwai kuma inda na ci karo da gida ba zato. A garin Athens akwai Jami'ar Ohayo, wadda malamanta suka taimaka wajen kafa kwalejin horon malamai ta Kano a shekarun 1960, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A Perrysburg kuma, kusa da Toledo, akwai masallaci mai ƙubba da hasumiya biyu da ake hangowa daga babban titi, a can muka yi Azahar ranar da muka shafe gundumar Wood.

Maganarku ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini nauyi, da kuka ce ko na taɓa zuwa Albasu ko Kunci kafin in zagaya ƙasar wasu. Ban taɓa ba, Kawu. Na lissafa, a cikin 44 ɗin ƙafata ba ta taka fiye da goma sha biyar ba, kuma wannan yawon ne ya sa na lura. A nan mun kai 61, saura 27, yawancinsu a kudu maso gabas wajen duwatsu, har da Vinton wadda ta fi kowace ƙarancin jama'a. In Allah ya kai mu hutun Disamba zan zo da yaran biyu. Ku taimaka a duba mini ƙafafun motar nan ta gida, a kuma samo mini taswirar Kano mai nuna iyakokin ƙananan hukumomi. Ina so mu fara da Albasu, ku a gaba kuna nuna hanya.

A gaida Hajiya da su Yaya.