Hukuncin Zaɓen Ɗan Takarar da Ya Sha Alwashin Korar Baƙin Haure

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Agege. Babban ɗana ya shekara 15 a Amurka, ya zama ɗan ƙasa, yana kaɗa ƙuri'a. A mazaɓarsu akwai ɗan takara da ya sha alwashin kama duk baƙin haure a tasa ƙeyarsu gida, yana kiran su ɓarayi da masu kisa, amma ra'ayinsa a kan aure da tarbiyyar yara ya zo daidai da namu, shi ya sa yaron yake son zaɓensa. Ga shi kuma ɗan ƙanena yana can, bizarsa ta ƙare shekara 4 ke nan, yana da mata da 'ya'ya biyu. A majalisarmu ta bakin masallaci wasu na cewa mu ma a yi wa 'yan Nijar haka a Legas. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, shari'a ba ta hana hukuma tsare iyakarta ba, kuma ba ta hana ta sanin wanda ya shigo da sharaɗin da ya shigo a kansa ba. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan baƙon da ya shiga ƙasa da amana, wanda suke kira musta'min, kuma biza ta zamanin nan ita ce wannan amanar: an ba ka izinin zama zuwa lokaci kaza, kai kuma ka sa hannu ka yarda. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alkawura, bai kuma ware alkawarin da aka ƙulla da wanda ba Musulmi ba. Saboda haka ɗan takarar da ya ce zai aiwatar da dokar shige da fice, ya mayar da wanda ya karya ta gida, bai faɗi haramun ba da wannan kaɗai.

Inda shari'a ta tsananta shi ne yadda ake fitar da mutum. A aya ta 6 ta Suratut Tauba, wadda ta sauka a kan mushirikan da ake yaƙi da su, Allah ya umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan ɗayansu ya nemi mafaka a ba shi, sannan a kai shi inda zai aminta. Idan abokin gaba yana da wannan haƙƙi, to mai wankin kwanuka a gidan abinci wanda laifinsa takarda ce ya fi cancanta da shi, kuma ba ya halatta a mayar da mutum inda aka san kisa ko azaba ke jiran sa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa da Sayyidina Umar ya tashi fitar da Yahudawan Fadak, sai da aka yi wa rabonsu na ƙasa da amfanin gona kima, aka biya su da zinariya da azurfa da raƙuma, har da igiyoyi da sirdi. Sarkin Habasha Najashi kuwa, da jakadun Ƙuraishawa suka zo da kyaututtuka suna neman ya miƙa musu Musulmin da suka yi hijira, ya ƙi yanke hukunci sai da ya kira su ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib. Sai kuma hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. Wannan hadisi nake tunawa duk lokacin da aka ambaci abin da ya faru a iyakar Amurka da Meziko a 2018, inda aka raba dubban yara da iyayensu da sunan aiwatar da doka.

Mu mutanen Legas mun ga wannan aiki da idonmu. A ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya, kuma an ƙiyasta waɗanda suka fita sun kai kimanin miliyan biyu, wajen rabinsu 'yan Gana. Ina ɗalibi a lokacin, kuma a layinmu akwai wani tela ɗan Gana da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan salla. Na tsaya ina kallo ya fito da keken ɗinkinsa bakin titi yana neman mai saye, wani maƙwabcinsa da suka sha cin abinci a kwano ɗaya ya taya shi da kuɗin da bai kai na ƙafar keken ba, shi kuma ya karɓa domin motar zuwa Seme, iyakar Najeriya da Benin, tana shirin tashi. Wannan ciniki, ko da an yi shi da "na sayar" da "na saya", cin dukiyar wanda ya matsu ne. Mutane sun yi kwanaki a tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan iyaka, wasu sun mutu a hanya, jakar da muke kira Gana-mas-go kuma a can ta samo sunanta. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Gana ta yi wa namu haka, Yarbawa da Hausawan zango suka dawo hannu rabbana. Kora ta jumla kuma ba ta tantancewa: a 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Barno, aka jefa shi Chadi da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa.

Ƙuri'a shaida ce, mai kaɗa ta yana cewa na yarda wannan mutum ya riƙe al'amarin jama'a. Don haka ɗanka ya duba abin da ɗan takarar yake faɗi da bakinsa. Idan manufarsa ita ce a bi doka ta hanyar kotu, a saurari kowa, a bar mutum ya tattara dukiyarsa da ladan aikinsa, ba a raba iyali ba, to zaɓensa ya halatta. Amma yadda ka siffanta shi, yana yi wa al'umma guda kuɗin goro da sata da kisa, wannan ƙazafi ne, kuma Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, ya kuma hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Ba ya halatta a zaɓe shi saboda wannan manufa, ko a yi masa yaƙin neman zaɓe a kanta, ko a yaɗa kalamansa. Idan ɗanka ya auna 'yan takarar duka ya ga ɓarnar ɗayan ta fi girma, malamai sun yi rangwame a ɗauki mafi sauƙin sharri biyu, da sharaɗin ya ƙi zaluncin a zuciyarsa kuma ya faɗa a fili. Ni dai abin da na fi karkata gare shi shi ne kada ya zaɓe shi, domin cutar da za ta faɗa wa iyalai irin na ɗan'uwansa a bayyane take kuma kusa take, amfanin da yake hange kuwa alkawarin ɗan siyasa ne.

Shi kuma ɗan ƙanenka ya saɓa sharaɗin da ya shiga a kansa, kuma wajibi ne ya nemi lauya ya gyara zamansa ta hanyar halal, idan ta ƙi ya shirya dawowa da mutuncinsa. Auren bogi don takarda, da rantsuwar ƙarya, da amfani da sunan wani, duk haramun ne. Ba a ɗora wa ɗanka ya kai ƙararsa ba, abin da ke kansa shi ne nasiha da taimakon kuɗin lauya, kuma kada ya yi ƙarya idan hukuma ta tambaye shi.

Game da 'yan majalisarku, ka tunatar da su cewa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ba biza har kwana 90, kuma ko da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasar har sai an sake sanarwa. Mai gadi ko mai ga-ruwa da ya aikata laifi a kai shi gaban hukuma shi kaɗai. Su kuma tuna cewa a titin Legas ba a bambanta Bakatsine da Bamaraɗe da ido, ranar da aka fara kamen, motar da ta ɗauki wancan za ta iya ɗaukar ɗansu.

Wallahu a'alam.