Jona fitilar LED da Raspberry Pi don hasken farkawa

Ka tambaya ko za ka iya jona zaren LED mai volt 12 kai tsaye a ƙafar Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar nan da ke kan allo guda, don haske ya riƙa ƙaruwa kamar fitowar rana kafin ka farka. A'a, kada ka yi, allon zai ƙone. Ƙafar GPIO, wato ɗaya daga ƙafafun Pi da ake jona na'urori a kai, volt 3.3 take bayarwa, kuma ba ta jure fiye da miliamp 16, alhali mita 1 na zaren LED samfurin 5050 mai ƙwayoyi 60 yakan ja sama da amp 1. Sa MOSFET a tsakani, wato makunnin lantarki mai ƙafa uku da Pi zai riƙa sarrafawa, irin IRLB8721: ƙafar gate zuwa GPIO18, ta drain zuwa negatif ɗin zaren, ta source zuwa GND, wato negatif ɗin Pi. Fitilar ta sha wuta daga adaftarta, amma ka haɗe negatif ɗin adaftar da GND na Pi, in ba haka ba ko ƙyaftawa ba za ta yi ba.

Sai ka kula da yadda kake ƙara PWM, wato kunna wuta da kashe ta da sauri sosai don daidaita ƙarfin haske. Ido ya fi saurin gane canji a cikin duhu, shi ya sa in ka ƙara daidai wa daida cikin minti 30, ɗakin zai yi tar tun da wuri. Ka ninka kason lokacin da kansa: a rabin lokaci hasken ya tsaya kashi 25 cikin 100.