Kun Tambaya, Mun Amsa: Me ya kai Argonaute cikin cibiyar ƙwayar halitta?

TAMBAYA: Malam, a aji an koya mana cewa furotin ɗin nan Argonaute yana tare saƙon RNA ya datse shi bayan ya fito daga cibiyar ƙwayar halitta. Sai kuma na ji wai har cikin cibiyar yana aiki. Me yake yi a can?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: 'Yata, abin da aka koya muku gaskiya ne, amma da saura. Tun da Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a 1998, a jikin wata 'yar tsutsa, cewa RNA, wato saƙon da ake kwafowa daga DNA, na iya toshe bakin ƙwayar gado, hankali ya fi karkata ga datsewar da ake yi a waje. Ni kuwa aikin cikin gidan ne ya fi burge ni.

Argonaute makaho ne, ɗan jagoransa wani guntun RNA da bai wuce harufa 20 zuwa 30 ba. Duk inda jagora ya ga rubutun da ya dace da nasa, nan suke tsayawa.

A jikin wani yis mai suna Schizosaccharomyces pombe aka ga abin ƙuru-ƙuru. Ana cikin kwafar DNA zuwa RNA, sabon RNA yana fitowa kamar zare a hannun mai kaɗi, bai ma tsinke ba Argonaute ya cafke shi. Daga nan sai a kirawo wani furotin, Clr4, ya manna wata alamar sinadari mai suna methyl a kan histon H3, ɗaya daga cikin furotin da DNA ke nannaɗe a jikinsu. Wurin ya dunƙule tamau, kwafi ya tsaya. In aka cire Argonaute daga yis ɗin, rabon kayan gado yakan karkace lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu.

A tsirrai kuma wani Argonaute mai suna AGO4, da jagora mai harufa 24, a kan DNA ɗin kansa yake sa a ɗora alamar.

Wa ake tsarewa haka? Yawanci ƙwayoyin gado masu tsalle, waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara mai rodi-rodi, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 1983. In aka sake su, sai su faɗa tsakiyar wata ƙwayar gado su ɓata ta. Shi ya sa tsaron ya fi tsanani a inda ake haɗa iri. Macen ƙudan 'ya'yan itace da ta rasa Piwi, ɗan'uwan Argonaute, ba ta haihuwa. Haka ma namijin ɓera da ya rasa MIWI2, wani ɗan'uwan nasu.