Amsa: Tsoron rushewa ne ya sa Faransa ke matsa wa masu hijabi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Turawa tsoron mutuwar al'adarsu suke yi, shi ya sa haƙurinsu da Musulmi ya ƙare. Tsoron kam akwai shi, amma daga cikin gida ya taso. Haihuwa ta ja baya sosai; a Italiya lissafin bai wuce kusan ɗa 1.2 ga kowace mace ba. Tsofaffi sun yi yawa, ana neman baƙi su riƙe ayyuka, kuma ana ɗari-ɗari da su. Nan su Marine Le Pen, 'yar siyasar Faransa mai adawa da shigowar baƙi, suke cin kasuwarsu.

Maganar hijabi kuwa tushenta ya daɗe. Tun 1905 Faransa ta raba gwamnati da coci. Da wannan hujjar aka hana hijabi a makarantun gwamnati a 2004 (har da babban gicciye da hular Yahudawa, a faɗi gaskiya). A 2010 aka hana rufe fuska a titi, a 2023 aka kori abaya daga makaranta. Yarinya ta iso bakin ƙofa, a tsaya ana ƙare wa rigarta kallo, a ce ta koma ta canza. Ni dai ban ga yadda doguwar riga za ta rusa ƙasa ba. Ingila ba ta da waɗannan dokoki, a Landan har 'yar sanda tana aiki da hijabinta.